Ranar da Aka Ɗauke Ƙyauren Marken Dutse

Wata Juma'a da la'asar, a farkon daminar 1955, mazan Marken Dutse suka dawo daga masallacin Juma'a na Kiru suka tarar da ƙofar garinsu a wangame. Ba buɗe ƙyauren aka yi ba, babu shi ne ɗungurungum. Ga ramin dutsen da ƙafarsa take juyawa a ciki, ga sakatar azara jingine da ganuwa, amma ƙyauren da ƙarti huɗu ba sa ɗaga shi sai da nishi ya ɓace da rana tsaka.

Wanda bai san garinmu ba zai ce mene ne abin tayar da hankali a ɓatan ƙyaure. To, mu abin da muke nuna wa baƙo ba shi da yawa. Akwai tsohon masallaci mai rufin azara da bakan gizo, akwai karofi inda ake rini tun kaka da kakanni, sai maƙera da masaukin fatake. Duk waɗannan ana samun irinsu a Bebeji da Tudun Wada, har da waɗanda suka fi namu. Ƙyauren ne ba kowa ke da shi ba. Da itacen ƙirya aka yi shi, aka lulluɓe shi da ƙarfen tama falle-falle, kuma har ranar da ya ɓace yana ɗauke da tabon masun Ningawa. Duk baƙon da ya sauka a garinmu, kafin a ba shi ruwa sai an kai shi ya sa yatsa a tabon nan.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin, Alhamis mai zuwa ana jiran wani Bature mai yawon duba tsofaffin gine-gine. Mako biyu ke nan gari bai zauna ba. An yaɓe masallaci an shafe shi da makuba, marina sun tanadi turkuɗin da za su shanya, Hakimi har ya aiko malaminsa, Malam Balarabe, ɗan birni mai takalmi sau-ciki, ya tare a gidan Dagaci don kada ƙauyawa su ba da kunya.

Ba a daɗe ana neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Daga bakin ƙofa ƙasa duk ta dagargaje da kofaton shanu, sawun ya miƙe kudu, ya tsallake busasshen rafi, ya tsaya a rugar Dikko, Bafulatanin da ya kafa shanunsa a gonakin bayan gari suna zuba taki kafin shuka. Al'adar ƙasar nan kuwa kowa ya san ta. In aka bi sawun sata ya mutu a ƙofar mutum, ko dai ya fitar da sawun gaba, ko ya ɗauki laifin. Dikko bai je Juma'a ba ranar, kuma ba shi da shaida. Kafin magariba an ɗaure shi a zauren Dagaci. Ba wanda ya tsaya tambayar me makiyayi zai yi da ƙyaure, mutumin da bukkarsa ma da tabarma ake rufe ta.

Malam Balarabe ya yanke magana. In ƙyaure bai fito ba zuwa Laraba da azahar, dogarai su wuce da Dikko gaban alƙali, daga can kuma kowa ya san sai gidan yari a Kano. Shi dai kada Bature ya zo ya tarar babu ƙyaure kuma babu ɓarawo.

* * *

Ɗantani mai bin sawu ba ya gari ranar. Yana Tudun Wada kan wasu jakuna da aka sace, sai Asabar da hantsi ya iso. Siririn mutum ne mai tafiya kai a sunkuye, har matarsa takan ce ya fi sanin ƙafafun mutanen gari da fuskokinsu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi ƙasa, ransa ya ɓaci. Duk mai ƙafa a Marken Dutse ya zo ya taka wurin, kowa yana nuna wa ɗan'uwansa inda ɓarawo ya bi.

Sarkin Ƙofa, Baba Abdussalami, yana zaune a kan dakalinsa na kullum, sandarsa a kan cinya. Shi ya riƙe Ɗantani tun yana maraya, kuma a bakin ƙofar nan ya koya masa karatun ƙasa. Kowace yamma sai ya share rairayin wurin, da safe ya tambaye shi wa ya shiga, wa ya fita, wa ke ɗauke da kaya. Ɗantani ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ina kwana. Ya muka ji da wannan abu?"

"Sai haƙuri, Ɗantani. Ka dawo lafiya?"

"Lafiya lau. Baba, ai kai ba ka zuwa Juma'a saboda ƙofa. Kana ina aka yi wannan aiki?"

"Zazzaɓi ya rufe ni da hantsi, na shiga gida na kwanta. Da na fito babu shi."

"Ba ka ji motsi ba? Ƙyauren nan in ya faɗi ai har karofi sai an ji."

"Tsufa ya cinye kunnen," in ji Baba, yana kallon ganuwa.

Ɗantani bai ƙara tambaya ba, don tausayi ne ya kama shi. Kakan Baba ne ya rufe ƙyauren nan a fuskar Ningawa, ubansa ya gada, shi kuma shekara arba'in ke nan yana buɗewa da asuba yana rufewa da magariba. Yau ga shi zaune yana gadin inda babu komai.

A zauren Dagaci Ɗantani ya sami Dikko ɗaure da igiyar rama a jikin ginshiƙi. Matar Dikko, Maijidda, tana tsugune a waje da ƙwaryar nono da dogarai suka hana ta shigarwa.

"Ina kake jiya da azahar?" in ji Ɗantani.

"Wata saniyata mai ciki ta yi nisa tana neman wurin haihuwa. Na bi ta har wajen Ba'awa. Sauran na bar su kwance a inuwar ɗorawa, da rana ba sa tashi."

"Wa ya gan ka?"

"Allah ya gan ni. Sai saniyar."

"Da ka dawo fa?"

"Na same su a tsaye, a firgice, ko tuƙa ba sa yi. Takarkarina kuma ƙirjinsa ya goge, da gani an ja abu mai nauyi da shi. Na faɗa musu haka, suka ce na kama kaina da bakina." Dikko ya ɗago kai. "Malam Ɗantani, ni tun da aka haife ni ban taɓa wuni a ƙarƙashin soro ba sai yau. In aka kulle ni a Kano ba zan fito da rai ba."

Ɗantani ya san gaskiya yake faɗa, don shekararsa ashirin yana kallon idon ɓarayi. Amma saninsa ba zai kwance igiyar ba, sai ya kawo sawu.

* * *

Ya fara da wanda ƙarfe zai yi wa amfani. Damina ta kawo kai, kowa na neman garma da fartanya, ƙarfe kuma ya yi wuya tun da aka daina fasa tama. An sha jin Sale maƙeri yana cewa ƙarfen ƙyauren nan zai yi garma talatin. Shi ma bai je Juma'a ba, wai ciwon ƙafa. Da Ɗantani ya yi sallama a maƙera, Sale ya ja buhu da sauri ya rufe wani abu.

"Me ka rufe, Sale?"

"Ba komai."

"To buɗe mini ba komai ɗin in gani."

Sale ya buɗe yana gunaguni. Ƙarfe ne, amma ba na tama ba. Guntun sifirin mota ne da ya samo wajen wani direba, yana ƙera wa Bature wuƙa mai ado a ɓoye don kada sauran maƙera su riga shi. Ciwon ƙafar ke nan.

"Na faɗa, ban musa ba, na ce zai yi garma talatin," in ji Sale. "Kai ma in ka ga sa mai ƙiba kakan ce zai yi tsire. Ka taɓa yanka na wani? Kakana ne ya buga ƙusoshin ƙyauren nan. In na sa shi a wuta, da wane ido zan dube shi gobe ƙiyama?"

Asabar ta tafi a haka. Lahadi da safe Ɗantani ya nufi masaukin fatake, tsohon zango mai soraye uku da Goggo Saude take riƙe da shi tun rasuwar mijinta. Ita ma ta sha shiri, ta sa an yi sabon daɓe, ta ce ko Bature ba zai kwana ba ai zai leƙa. Tana tankaɗe ta ba shi labari tun kafin ya tambaya.

"Ni tun farko ban yarda da baƙon nan ba. Wani Bazazzagi ne mai jakuna uku. Kwana biyu ya yi mini, kullum yana bakin ƙofa yana shafa ƙyaure yana tambayar shekarunsa. Ranar Juma'a ana tafiya masallaci ya ɗaure kaya ya fita."

"Goggo, jaki zai iya ɗaukar ƙyauren nan?"

"In an farfasa shi fa? Ni dai na faɗa maka abin da idona ya gani. Kuma ya rage tuwona a akushi. Mutumin kirki ba ya rage tuwona."

Ɗantani ya san zaren ba shi da ƙwari, amma ba shi da wani. Ya bi sawun jakunan nan wuni guda har Kwanar Dangora, ya sami mutumin a gindin wata ceɗiya a gefen tasha. Bawan Allah bai yi gardama ba, ya kwance masa kayan har ƙasa. Kanwa ce da daddawa. Ubansa magini ne, shi ya sa duk inda ya ga tsohon gini sai ya tsaya. Ɗantani ya ba shi haƙuri, ya kwana a can, ya kamo hanya Litinin. Kwana biyu sun tafi a banza, kuma tun daga hanya yake hango hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kan duwatsun Doguwa.

Da ya iso ya wuce wajen Dagaci ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, a ƙara mini kwana biyu. Mutumin nan ba shi ya yi ba."

Dagaci ya dubi Malam Balarabe, Malam Balarabe ya dubi takalminsa.

"Ɗantani, ba a hannuna take ba," in ji Dagaci. "An riga an rubuta wa Hakimi."

A waje Maijidda ta taso ta durƙusa a gabansa. Ɗantani ya kewaye ta ya wuce, kunya ta rufe shi kamar shi ya ɗaure mata miji.

* * *

Talata da safe ya rabu da bakin ƙofa, inda aka gama lalata komai, ya bi sawun shanun a hankali har gindin wasu tsamiyoyi a bakin rafi. A garinmu ba a yi ruwa jiya ba, amma an tafka shi a Doguwa, rafin da aka tsallake a bushe ranar Juma'a yau ya cika maƙil da jan ruwa yana tafe da itatuwa.

Ƙasar gindin tsamiyoyin laka ce. An yi yayyafi ranar Juma'a da safe, saboda haka da azahar tana da taushi, kafin la'asar kuma rana ta busar da ita tauri. Abin da ya taka ta da azahar ya zauna daram, taron da ya biyo baya da yamma ko alama bai bari ba. Ɗantani ya durƙusa. A tsakanin kofatai ya ga layin abu mai nauyi da aka ja, ya gangara rafi, a tsallake kuma babu shi. Wato ƙyauren bai wuce rafin ba. Sai ya ga sawun mutum, ƙafa ba takalmi, a kan kofato. Ya matsa taku goma ya sake ganinsa, a kan kofato. Sawun yana zuwa dama ya dawo hagu, irin na mai tare dabbobi kada su watse.

Duk wanda ya zauna kusa da ruga ya san Bafulatani a gaba yake tafiya. Yana kira, shanu na biye da shi, saboda haka sawunsa kullum a ƙarƙashin kofato yake, da wuya ka same shi cikakke. Mu ne muke bin dabba ta baya da sanda muna yi mata tsawa. Wanda ya bi da shanun nan ta wurin nan, shanun ba su san muryarsa ba.

Ɗantani ya ji sanyi a ransa, Dikko ya fita. Ya hure ƙura daga sawun don ya gan shi sosai, daga nan sanyin ya koma wani abu dabam. Ƙafar dama ce mai karkata waje, babu ƙaramin yatsa, kurkunu ya cinye shi tun da daɗewa. A hagunta ga ramin sanda. Wannan shi ne sawun farko da ya fara koya a duniya.

Ya zauna a ƙasa dirshan. Ya so a ce bai iya aikin ba.

* * *

Da la'asar ya sami Baba Abdussalami a kan dakali, shi kaɗai. Ya gaishe shi ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Baba, na je gindin tsamiyoyin bakin rafi."

Baba ya yi ajiyar zuciya.

"Na kira su irin kiran Dikko, ko ɗaga kai ba su yi ba. Dole na bi su ta baya. Na san in kai ne za ka gani."

"Kai kaɗai, Baba?"

"Ni kaɗai. In ka sa azara a ƙarƙashinsa ka danna, da kansa yake fita daga raminsa. Takarkari ya ja mini, na binne shi a yashin rafi, na zo da shanun suka taka sawun. Wallahi ban yi nufin a kama bawan Allah nan ba. Sawu kawai na so in kashe."

"Me ya sa?"

"Baturen nan ɗauke shi zai yi, Ɗantani. An gaya mini baki da baki. Ni kuwa ba za a ce a hannuna aka rasa shi ba." Ya kama hannun Ɗantani. "Ka yi mini shiru zuwa Juma'a. Baƙo ya zo ya tafi, in tono shi in mayar, a saki Dikko, in je in ba shi haƙuri."

"Gobe da azahar za a tafi da shi, Baba. Wanda ya shiga hannun alƙali ba ya dawowa don ƙyaure ya dawo. Kuma rafi ya kawo ruwa."

"Ƙirya ce, nauyi gare ta, ba inda za ta. Ɗantani, ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Ɗantani ya tashi ya tafi gida bai ce zai yi shiru ba, bai ce zai faɗa ba. Matarsa ta kawo tuwo ya ce ya ƙoshi.

* * *

Laraba da hantsi zauren Dagaci ya cika. Ɗantani ne ya roƙa a tara su. Ga Dagaci a kan buzu, ga Malam Balarabe da takarda a hannu, ga Sale maƙeri ya sha kunu, Goggo Saude ta tsaya daga bakin ƙofa da mayafi. Dikko yana nan a jikin ginshiƙi, kwana biyar sun rame shi. Baba Abdussalami ya shigo a ƙarshe ya zauna a lungu.

"Ranka ya daɗe," in ji Ɗantani, "Sale ba shi da hannu, ƙarfen da ke wurinsa na mota ne. Baƙon Goggo kanwa ya ɗauka. Saura Dikko. Ina tambayar jama'a, akwai wanda ya taɓa ganin Dikko a bayan shanunsa yana kora su?"

Jama'a suka dubi juna.

"A gaba yake tafiya," in ji Sale. "Kullum ta ƙofar maƙerata suke wucewa."

"To a bakin rafi sawun mutum yana kan kofato, ba ƙarƙashi ba. Wanda ya yi aikin nan kora shanun ya yi ta baya, don ba su san shi ba. Duk mai shakka ya zo in nuna masa, lakar ta riƙe."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Malam Balarabe ya ɗaga hannu.

"Wannan zance ne mai daɗin ji, Malam Ɗantani. Amma al'adarku ce, ba tawa ba. Sawu ya mutu a rugarsa. In ka fitar da shi, ka gaya mana ƙofar da ka kai shi. Sawun wa ne?"

Ɗantani ya dubi lungu. Baba yana kallon sandarsa. Ya jira ko tsohon zai buɗe baki da kansa, ya jira har shirun ya yi yawa. Malam Balarabe ya dubi inuwar da ke bakin zaure ya yi wa dogari nuni. Dogari ya kwance igiyar daga ginshiƙi ya naɗe ta a hannu ya ce wa Dikko ya tashi. Daga waje aka ji Maijidda ta fara kuka ƙasa-ƙasa.

"Sawun Baba ne," in ji Ɗantani. Muryarsa ba ta fita sosai ba, sai da ya maimaita. "Sawun Baba Abdussalami ne, ranka ya daɗe."

Goggo Saude ta yi salati. Wasu suka fara cewa Ɗantani ya zauce, sai Baba ya dogara sanda ya miƙe.

"Ku bar shi, gaskiya ya faɗa. Ni na koya masa." Ya juya wajen Malam Balarabe. "Malam, kai ne ka tsaya a bakin ƙofa ranar da ka zo, ka buga ƙyauren da tafin hannu, ka ce in goge shi da kyau, shi Bature zai fara ɗauka, ya tafi da shi ƙasarsu a gani. Ko ba ka faɗa ba?"

Malam Balarabe ya sauke takardar da ke hannunsa.

"Na faɗa. Amma hoto nake nufi, Baba. Hoto zai ɗauke shi."

"Mene ne hoto?"

"Sura ce. Akwai wani akwati, in an saita shi ga abu sai kamanninsa su fito a takarda. Takardar zai tafi da ita. Ai a birni ko yaro ya san in an ce za a ɗauke ka..." Bai ƙarasa ba. A zauren nan kaf waɗanda suka taɓa ganin an ɗauki hoto ba su kai uku ba, kuma Ɗantani ba ya cikinsu.

"Ƙyauren fa?" in ji Baba.

"Ko taɓa shi ba zai yi ba."

Gari ya ɗunguma rafi da garma da ƙwarya. Ruwa ya janye, Baba ya nuna wurin da sandarsa. Aka tona har aka kai dutse. Ambaliyar ta kwashe yashin wurin gaba ɗaya ta zuba wani sabo, babu ƙyaure, babu ko ƙusa guda. Ɗantani ya bi gaɓar rafin har rana ta faɗi, yana leƙa duk inda itatuwa suka maƙale. A ƙasa zai iya bin akuya kwana uku bayan wucewarta, amma ruwa bai bar masa komai da zai bi ba.

Dikko an sake shi tun azahar. Bai dubi kowa ba, ya karɓi sandarsa a hannun matarsa suka tafi. Igiyar kuwa ba a mayar da ita jaka ba, Baba aka ɗaura wa. Ɗantani ya faɗi gaban Dagaci, ya faɗi gaban Malam Balarabe, ya ce tsoho ne, kuskuren magana ne, in dole sai an tafi da wani a tafi da shi. Malam Balarabe ya ce shi ma ransa bai so ba, amma Hakimi na jiran ɓarawo, kuma an ɗaure mutum kwana biyar a kan banza, dole alƙali ya ji. Abin da ya iya kawai shi ne a bari sai gobe, don ana bukatar dogaran wajen taryar baƙo.

* * *

Alhamis Bature ya zo, dogo mai jan wuya, ba ruwansa da kowa. Ya shiga masallaci ya daɗe yana kallon rufi, ya tsaya a karofi ya shinshina baban rini, ya karɓi wuƙar Sale, ya leƙa daɓen Goggo Saude. Da aka kai shi ƙofar gari aka gaya masa abin da ya faru, ya girgiza kai ya ce da tafinta abin bai yi daɗi ba. Duk da haka ya ce ginin ƙofar ma abin ɗauka ne.

Baba Abdussalami yana tsaye a gefe da igiya a wuyan hannu, dogari na jiran a gama su kama hanya. Ɗantani ya zo ya tsaya kusa da shi, ya kasa duban fuskarsa. Bature ya kafa wani akwati a kan ƙafa uku, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya ɗaga hannu a yi shiru. Aka ji wani ɗan ƙaras. Ya fito da kansa ya fara naɗe kayansa.

"Ɗantani," in ji Baba a hankali, "yaushe zai ɗauka?"

"Ya ɗauka, Baba."

Baba ya dubi ƙofar tun daga ƙasa har sama, ya dubi ganuwar dama da hagu, ya sake duban akwatin da ake sa wa a jaka.

"To ai ga ta nan," ya ce. "Ba ta je ko'ina ba."

Dogari ya ja igiyar a hankali, suka fita.